Binnen da Lantana Ta Yi a Karu

A layinmu na Karu mutane kan san muryar Lantana tun kafin su san fuskarta. Murya ce mai ɗan kaushi, irin ta wadda ta shekara talatin tana hura wutar icce, kuma da wuya ta buɗe baki ba ta fara da abu ɗaya ba: "Ni dai na gaji." Da shi take amsa gaisuwar safe, da shi take tayin kifi a kasuwa. Har ranar da aka yi mata albishir 'yarta Mashkura ta sami jami'a a Gwagwalada, sai da ta rangaɗa guɗa, sannan ta zauna a kan turmi ta ce, "Alhamdu lillahi. Ni dai na gaji."

Mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Dutsin-ma. Mijinta, Malam Sadisu, ya kawo ta Abuja tun yana kasa bokitai da kan famfo a kan tebur. Zuwa shekarar 2008 ya mallaki shago biyu na tayil da kayan banɗaki, domin a lokacin kuɗi sun shigo gari, kuma duk wanda ya samu gini yake yi. Tifofin yashi ba sa hutawa, ko ranar Lahadi.

A cikin shekara goma sha shida Lantana ta ɗaure kaya sau huɗu. Duk gidan da aka kai ta, ba ɗaki take fara dubawa ba. Sai ta ajiye ƙunshinta ta zagaya baya, ta soka yatsa a ƙasa, ta murza, ta sansana. Inda ta fi jin daɗi shi ne Karmo. A can tana da rijiya a tsakar gida da fili mai faɗi, ta yi yakuwa da rama da alayyafo da tattasai, maƙwabta suna aiko da kwano tana cika musu. Ranar da katafilar rusau ta iso layinsu, kuɓewarta ta fara fure ke nan. Ta fitar da tukwane da katifa da wani tsohon gwangwanin madara, ta tsaya a bakin titi tana kallo. Daga nan suka yi shekara ɗaya da rabi a saman wani bene a Nyanya, inda ko tsinken albasa babu wurin soka shi.

Wannan gwangwani shi ne dukiyarta. A cikinsa akwai irin kuɓewa cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci, an toshe bakin da tsumma. Irin mahaifiyarta ne, Iya, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Kuɓewa ce gajera mai kauri, da ɗan ja a kanta. Guda biyar sun ishi tukunyar gida, kuma yauƙinta sai an yanke shi da gefen ludayi. A ƙauye ba wanda ya rage da ita, 'yan'uwanta maza sun koma irin da ake sayarwa a leda. Iri kuwa ba ya zama har abada. Damina biyu ta wuce bai taɓa ƙasa ba, kuma Lantana ta san in ta uku ta wuce, abin da ke cikin gwangwani ya zama tsakuwa.

Shi ya sa da Malam Sadisu ya gama gininsa na kansa a Karu suka tare, ta ga bayan gida ya rage taku goma sha biyu a tsaye, bakwai a kwance, sai ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta.

Wata Asabar a ƙarshen watan biyu Mashkura ta zo hutun mako. Bayan sun karya, Lantana ta ɗauki tsohuwar muciya ta ce ta biyo ta baya. Ta shiga jan layi a ƙasa.

"Nan kunya huɗu, kuɓewar Iya. Nan yakuwa da alayyafo. Jikin katanga rama, don ita ba ta ƙin inuwa. Wancan lungun kabewa, ta hau bango ta yi abin da ta ga dama."

"Umma, ni fa? Ba za ki bar mini wurin latas da karas ba? Ko ɗan salad ma riƙa yi."

"Ganyen da ba a dafawa? Akuya ce ke?"

"Haba Umma. Kwaɗon rama fa da kike yi?"

"Wannan ana tafasa shi, a matse, a sa ƙuli. Shi ya ga wuta." Ta ja wani ɗan layi da bai fi tabarmar salla ba. "Ga naki nan. In ya mutu kada ki ce ni ce."

Suna cikin dariya Malam Sadisu ya shigo da wani mutum mai tef ɗin awo rataye a ƙugu. Birkila ne. Ya gaishe su, ya kama kan tef ya miƙa wa Malam, suka ja shi daga katanga zuwa katanga, ta kan layukan muciya.

"Malam, me ake aunawa?" in ji Lantana.

"Ɗaki biyu, ciki da falo."

"A ina?"

"A nan mana. Lantana, ma'aikata suna kwana a mota a garin nan don rashin wurin zama. Kullum sai an tare ni a shago ana tambaya ko na san inda ɗaki yake. Ni kuma ina da fili na ajiye wa ƙadangaru."

"To miya fa?"

"Kasuwa ta ƙone ne?"

"Kuɓewar kasuwa? Waɗannan dogayen masu kama da yatsun ma'aikacin banki? Kai ne fa kake ture kwano kana cewa ruwa aka ba ka."

Birkila ya yi kamar yana karanta tef. Malam Sadisu ya gyara hula. "Birkila zai ƙarasa wani aiki a Mararaba. Farkon watan huɗu zai zo ya ja igiya a haƙa fandisho. Na gama magana."

Lantana ta juya ta bar su. Ta koma kicin ta ɗora ruwan tuwo, tana tankaɗe tana tunani.

Akwai abu ɗaya da ta sani game da mijinta wanda abokan cinikinsa ba su sani ba. Sadisu ɗan manomi ne, kuma ba ya iya taka tsiro. A Karmo ƙwayar masara ta taɓa faɗuwa a bakin ƙofar shagonsa ta fito. Wata uku yana sa masu sayen kaya suna kewaya ta, har ta yi goyo aka gasa. Zai iya ja da kowa a kan filinsa, amma ba zai sa diga a inda abu kore yake tsaye ba. In dai igiyar birkila ta zo ta tarar da shuka, to an ɗaga gini sai kaka. Kafin kaka kuwa ta sami sabon iri, kuma wa ya san abin da zai faru.

Saura mako biyar. Damina ba ta zo ba, amma hadari ya fara yawo ta wajen duwatsu da yamma. Sai ta yanke shawarar yin binne.

A ƙasarsu haka ake yi. In an ga sama ta fara haɗuwa, ba a jiran ruwa. A sari busasshiyar ƙasa, a jefa iri, a rufe da diddige. Iri ya kwanta yana jira, ruwan farko ya sauko ya tashe shi, mai binne ya riga kowa. Ko a Karmo haka take yi duk shekara, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Iya tana da ƙa'ida a kan iri: a raba shi uku. Kashi ɗaya a ƙasa, kashi ɗaya a ajiye ko za a sake shuka, na uku kuwa ba ya fita daga gwangwani sai sabo ya shigo. Lantana ta zazzage gwangwanin a faifai ta raba uku kamar yadda aka koya mata. Ta dubi kashi ɗaya, ta dubi filin. Wannan ɗan abin kunya biyu kawai zai cika, Malam ya gina ɗakunansa a sauran wurin. In ana so igiya ta rasa inda za ta bi, sai kore ya rufe ko'ina. Ta daɗe a tsugune. Daga baya ta sa hannu ta haɗe kashi ukun wuri ɗaya.

Tana cikin sara da fartanya aka yi magana ta saman katanga.

"Mama Mashkura! Me ka ke nema a ƙasa da wannan rana?"

Elizabeth ce, maƙwabciyarta, 'yar ƙabilar Gbagyi, haifaffiyar Karu. Layin nan gaba ɗaya gonar babanta ce a da. Yanzu sai ta yi tafiyar awa guda kafin ta kai inda take noma, ta dawo da doya ko icce a kafaɗa. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "ka" ne a wurinta.

"Binne nake yi," in ji Lantana.

"Yanzu? Kai, Mama Mashkura, ka bari. Wannan ruwa da ka ke gani ba na shuka ba ne. Zai zo ya gaishe mu, ya koma gida. Sai ya yi sati uku, wani lokaci huɗu, kafin na gaskiya ya zo."

"Shekara nawa ina yi a Karmo, ba abin da ya same ni."

"Karmo ka na da rijiya. Nan ina rijiya? Dutse ne a ƙasa. Babana ya haƙa sau biyu, ya bari."

Lantana ta tsaya, ta dafa ƙugu. Maganar ta shige ta, don gaskiya ce: a Karmo duk lokacin da sama ta yi shiru, guga take jefawa, ko lura ba ta yi. Amma igiyar birkila ba za ta jira damina ba.

"Allah zai kawo," ta ce.

"Amin. Amma ka ajiye kaɗan."

"Na ajiye," in ji Lantana, ta sunkuya ta ci gaba da sara.

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika layi. Lantana ta tsaya a ƙofar kicin har zaninta ya jiƙe, kuma wannan karon ba wanda ya ji ta ce ta gaji. Kafin mako ya zagayo, bayan gida ya yi kore tun daga katanga har katanga. Tsohon iri ne, ba duka ya fito ba, amma abin da ya fito ya isa. Ƙananan ganye bibbiyu, layi-layi.

Malam Sadisu ya zagaya da buta zai yi alwalar azahar, ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo.

"Lantana."

"Na'am, Malam."

"Da gangan kika yi."

"Shuka ai da gangan ake yin ta."

Ya ɗaga ƙafa a hankali ya bi ta gefe, ya tsuguna a kan dutsen da ke jikin katanga inda ya saba alwala. Da ya idar da salla ta ji shi a waya yana cewa, "Oga, ka ci gaba da na Mararaba tukuna. Zan neme ka."

Daga ranar sama ta washe, ba ta ƙara haɗuwa ba.

Wanda bai yi watan uku a Abuja ba bai san zafi ba. Tun hantsi kwanon rufi yake ƙara. Ƙasar bayan gidan ba yashin Dutsin-ma ba ce da saiwa ke nutsewa ta bi sanyi. Jar ƙasa ce, da ta sha ruwa ta bushe sai ta ɗaure kamar kasko. A ƙarƙashinta kuma, tafin hannu ɗaya, ɓaraguzan bulo ne da busasshen siminti da magina suka binne lokacin aikin gidan.

Ta shiga neman ruwa. Famfo bai iso layin ba. Burtsatsen unguwa sai da wuta yake aiki, wutar kuwa ta ɗauke tun kafin Maulidi. 'Yan ga-ruwa suna wucewa ta ƙofar gida da kura cike da jarkoki, tana kira suna ɗaga hannu.

"Hajiya, an saye! Na masu bulo ne!"

Masu buga bulo suna sayen kura sukutum, su ba wa bulonsu ruwa safe da yamma. Jarka huɗu da take samu da ƙyar, na sha ne da girki da wanka. Sai ta koma tara na wanke shinkafa, na ɗauraye gero, na wankin nama. Ta rage wankanta ya koma rabin bokiti. Tana bi da kofi, tsiro bayan tsiro, kafin ta kai ƙarshen kunya farkon ya bushe. Wata rana ta gwada ruwan wanke-wanke, omo ya ƙone mata layi guda cur.

Alayyafo ya fara tafiya. Latas ɗin Mashkura ko kwana goma bai yi ba. Yakuwa ta yi ƙoƙari, ta kwanta. Kuɓewa ta fi su jimiri. Da safe ta miƙe, da rana ta sunkuyar da kai, da yamma ta ɗan farfaɗo. Sannan aka wayi gari wasu ba su miƙe ba.

Elizabeth ta miƙo mata bokiti ɗaya ta saman katanga, daga wanda ta ɗauko a rafi.

"Ka zuba wa na gefe. Na tsakiya ya riga ya tafi." Ta dubi filin. "Ba komai. In ruwa ya zauna sai ka sa wanda ka ajiye."

Lantana ta karɓi bokitin ba ta ɗago ba.

"Mama Mashkura. Ka ajiye, ko?"

"Ban ajiye ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Elizabeth ta ce wani abu da yarensu, a hankali. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta sauka daga kan dutsen da take takawa ta tafi.

Kwana ashirin da shida sama ba ta ɗiga ba. Malam Sadisu bai kira birkila ba duk tsawon lokacin. Kullum zai zagaya da butarsa, ya bi ta gefe, ya yi alwala, ya dubi filin, ya fita. Sau biyu ya sa aka kawo jarkoki a bayan motar shago, amma ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba. Sai da ya ga wurin ya koma ja, karan ƙarshe ya karye da kansa, sannan ya same ta a kicin tana kaɗa miyar kuka.

"Gobe birkila zai zo."

"To."

"Na jira, Lantana."

"Na gani. Ka jira."

Washegari da hantsi birkila ya zo da leburori da turaku. Lantana tana kicin, ba ta fito ba. Tana jin ana buga turke, tana jin ana jan igiya. Can sai ta ji muryar mijinta ta tashi.

"Tsaya, tsaya! Ɗaga ƙafarka!"

"Oga, nan ne layin ya bi."

"Na ce ɗaga."

Ta leƙo. A gindin dutsen alwala, a bayansa inda inuwar katanga ke faɗawa, kuɓewa uku ne a tsaye. Ba ta ma san iri ya faɗa wurin ba. Ruwan butar Malam ne, sau biyar a rana in yana gida, sau uku in ya fita, ya riƙe su. Gajeru ne, ganyen ƙasa ya yi rawaya, amma suna da rai.

"Oga, in na matsa, falon zai ragu fa. Tenant zai yi complain."

"Ya yi. Matsar da igiyar taku ɗaya."

Haka aka yi. Daga taku goma sha biyu da bakwai, aka bar wa Lantana wani siririn lungu tsakanin sabon bango da katanga, wanda sai ta karkace take shiga. Bayan kwana tara damina ta sauka ta gaskiya, ta zauna. Elizabeth ta fita da garma a kafaɗa ta yi shukarta. Lantana tana zaune a ƙofar kicin tana kallon ruwa yana cika ramin fandisho.

Kuɓewar uku suka yi tsawo a lungunsu. Ta kewaye su da tsohon gidan sauro saboda kajin maƙwabta, ta riƙa roƙon leburori kada su watsa musu ruwan siminti. A watan shida suka yi fure, suka ɗaura 'ya'ya, gajeru masu kauri da ɗan ja a kai. Kafin a gama fenti har an kama ɗakunan. Wata ma'aikaciyar banki ta shiga ɗaya, ta sa janareto daidai bakin lungun.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mashkura tana gida, Lantana ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya. Ta sa daddawa da kanwa da busasshen kifi, ta yi duk abin da ake yi. Malam Sadisu ya gutsuro tuwo ya tsoma, ya ɗaga. Miyar ta zube daga lomar, ba ta biyo hannu ba.

"Wannan ta kasuwa ce."

"Ta kasuwa ce."

"Na ga taki ta yi 'ya'ya. Jiya na ƙirga, sun fi ashirin."

"Ashirin da uku."

"To ki tsinko biyar mana. Biyar kawai. Rabon da in ci tun Karmo."

"Ba ta ci ba ce, Malam. Sai ta tsufa a jikin uwarta, ta bushe, ta tsage. Ta gwangwani ce."

"Duka?"

"Duka. In ta shiga gwangwani sai in raba uku."

"Abba, ka yi haƙuri," in ji Mashkura tana dariya. "Ni da aka kashe wa latas ban yi magana ba."

"Da ruwan alwalata fa ta rayu," in ji Malam Sadisu.

"Allah ya ba ka lada. Baɗi ka ci."

"Baɗi a ina za ki shuka? A wannan lungun?"

"A nan ɗin. Kuma sai na ga Elizabeth ta fita da garma."

Ya girgiza kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Janareton 'yar haya ya tashi, hayaƙi ya biyo ta taga. Lantana ta miƙe da ƙyar, hannu a gwiwa, ta ɗauki wani tsohon kwali za ta je ta kare shukar daga hayaƙin.

"Umma, ki zauna ki ci abinci mana."

"Ina zuwa," ta ce daga bakin ƙofa. "Ni dai na gaji."